Tsofaffin Bindigogin Gidajenmu da Abin da ke Cinye Su

A tsofaffin gidaje na arewacin Jihar Gombe, a garuruwa irin su Dukku da Nafada da Bajoga, ba abin mamaki ba ne mutum ya tarar da bindigar da ta girmi kowa a gidan, ko dai tana jingine a lungun turakar maigida, ko an soke ta a rufin ɗaki, ko kuma an naɗe ta da tsohon zane an tura ƙarƙashin gado tun rasuwar wanda ya san sirrinta. Ni jikan maharba ne ta wajen uba, kuma ko da yake karatun boko ya raba ni da daji, Baffana har yanzu yana riƙe da bindigar baushe da ya gada tare da takardar izininta, saboda haka na tashi ina ganin yadda ake wanke ta da yadda ake ajiye ta. Abin da ke damuna shi ne yawancin takwarorinta da nake gani a gidajen 'yan uwa da abokan arziki suna hannun mutanen da suke ƙaunarsu amma ba su san abin da suke riƙe da shi ba. A ganina ɓarnar da ke samun waɗannan bindigogi iri biyu ce, wadda sakaci ke jawowa da wadda gyaran ganganci ke jawowa, ta biyun kuwa ta fi muni domin ba ta da magani.

Kafin a yi maganar mai da tsumma, ya kamata a san yadda suka shigo hannunmu. Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, domin tun a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno yana da rundunar masu harbin bindiga waɗanda Turkawa suka horar. Duk da haka, yaƙe-yaƙen da suka kafa masarautunmu a farkon ƙarni na 19, na Buba Yero a Gombe da na Malam Yakubu a Bauchi, doki da mashi da takobi da kwari da baka ne suka ci su, saboda bindiga ta yi ƙaranci, albarushi ya yi tsada, kuma ƙwararren maharbin kibiya yakan saki kibau da dama kafin mai bindiga ya gama ɗuri ɗaya. Sai a rabin ƙarshe na wannan ƙarnin suka yawaita, wasu ta hanyar Sahara daga Tarabulus, wasu kuma daga bakin teku ta Kwara da Binuwai. Mafi yawan na bakin teku an ƙera su ne a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam, musamman domin kasuwar Afirka, da dogon bututu da araha, kuma ba kowacce aka ƙera da tsoron Allah ba.

Akwai dalilin da ya sa bindiga mai ƙanƙara ta daɗe a ƙasarmu bayan Turai ta manta da ita. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Brussels wadda ta hana sayar wa mutanen babban ɓangare na Afirka bindigogin zamani masu cin harsashi ta baya, amma ta bar ƙofa a buɗe ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ce an yi haka ne domin a daƙile cinikin bayi, sai dai sakamakonsa a fagen fama ba ya buƙatar dogon sharhi. Horarren soja da bindigar ɗuri ta baki yana iya harbi kamar sau 3 a minti ɗaya, mai Martini-Henry, wadda ake ɗura ta ta baya, ya yi kamar 12, ita kuwa Maxim, bindiga mai sarrafa kanta, tana aman harsashi wajen 600 a wannan mintin. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa, ya gane wannan bambancin, shi ya sa ƙarfinsa ya dogara ga 'yan bindiga masu horo, kuma bayan Faransawa sun kashe shi a Kusuri a 1900, suka kashe ɗansa Fadlallah a Gujba a 1901, makaman rundunarsa suka warwatsu a ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu. Bayan shekaru biyu, ranar 27 ga Yuli 1903, aka yi yaƙin Burmi kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa a gaban igwa da Maxim. Kwamandan Turawa na wannan ranar, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ce ta kashe shi, kuma kabarinsa na nan a wurin. Duk gidan da ke wannan yanki da ke da tsohuwar bindiga mai labari, to yana riƙe da wani yanki na wannan tarihin, ko da ita kanta bindigar ba ta taɓa zuwa Burmi ba.

Bindiga kan faɗi asalinta ga wanda ya iya karatunta. A bayan bututu, kusa da inda wuta ke shiga, bindigar Ingila tana ɗauke da 'yan ƙananan tambura na gidan gwaji, wato inda ake gwada ƙarfin bututu, kuma na Birmingham, wanda aka kafa a 1813, an san shi da sanduna biyu da suka giciya da kambi a samansu. Ta Liège kuwa tana da haruffan E, L da G a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Idan aka ga 'yar alama kamar kan kibiya, alamar gwamnatin Birtaniya ce, wato bindigar ta taɓa zama ta soja, idan kuma kibau biyu ne suka haɗa kai, an sayar da ita ke nan daga rumbun gwamnati. Martini-Henry, wadda sojan Birtaniya ya karɓa a 1871, tana da kambi da haruffan V.R. na Sarauniya Victoria da sunan masana'anta da shekarar ƙira a gefen damanta. Lee-Enfield ta fara fitowa a 1895, kuma samfurinta na No. 4, wanda tsofaffinmu suka sani a kafaɗar 'yan sanda suke kira mak-fo, shi ne aka ƙera da yawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da ya kai iyayenmu Burma a cikin runduna ta 81 da ta 82. Wadda aka buga wa haruffan DP an yanke mata hukunci tun a barikin cewa ta faretin horo ce kawai, ba ta harbi ba.

Sai dai mafi yawan na gidajenmu ba su da tsarkin asali irin wannan, kuma ni a wurina hakan ƙarin daraja ne. Za a ga bututun Bature, kunamar maƙerin gari, ƙota kuma an sassaƙa ta da maɗaci bayan ta asali ta karye, an ɗaure tsagewa da waya ko ɗanyar fata, baduku ya lulluɓe gindin da jar fata, maharbi ya ɗinka layunsa a jiki. Masu tara bindigogi a Turai sukan rage wa irin wannan kuɗi saboda ba ta nan yadda ta fito daga masana'anta, alhali kowane gyara a jikinta shaida ce ta hannun wani maƙeri ko baduku na ƙasarmu, kuma ita ce kaɗai shaidar da ta rage mana ta aikin yawancinsu.

Wanda ya gaji irin wannan bindiga, abu na farko da ya wajaba a kansa shi ne ya ɗauka cewa a ɗure take. Maharba sukan dawo daga daji su ajiye bindiga da ɗurinta domin ko-ta-kwana, mai ita ya rasu, ɗurin ya zauna shekara 40 ba wanda ya sani, kuma baƙin albarushi ba ya mutuwa da tsufa matuƙar bai jiƙe ba. Wanda ya shekara ɗari yana iya tashi da ƙyastu ɗaya. Gane hakan ba shi da wuya. A juya bakin bindiga inda babu kowa, a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi mata alama daidai baki, sannan a fito da ita a gwada ta a bayan bututun. Idan ba ta kai daidai ramin wuta ba, akwai abu a ciki. Daga nan aikin ya bar hannun mai gida, ya koma na maƙerin da ke da izinin gyaran bindiga. Ba a leƙa bakin, ba a hura shi, ba a ba yara su yi wasan 'yan farauta da ita, ballantana a saka gindin bututun a wuta wai don a kwance abin da ya cije, kamar yadda wasu ke yi wa tsohon noti.

Maganar wanki ita ce inda aka fi samun saɓani, domin mutane da yawa suna ganin ruwa abokin gabar ƙarfe ne, mai kuma maganin komai. A sha'anin baƙin albarushi ba haka abin yake ba. Idan ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, yana zama toka da hayaƙi, kuma tokar da ke maƙalewa a cikin bututu gishiri ce mai jawo laima daga iska. Mai ba ya narkar da gishiri, yana rufe shi ne kawai, sai tsatsa ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi, mai bindiga yana ganin bututunsa na ƙyalli alhali ciki na zama ramuka. Ruwa ne ke narkar da shi. Yadda na ga Baffa yana yi, kuma na tarar daga baya haka masana ke cewa, shi ne a wanke a ranar da aka yi harbin, kada a kwana. A tafasa ruwa, a zuba ta baki, a bi shi da tsumma a kan sanda ana turawa ana ja, a zubar da baƙin ruwan a sake, har sai ya fito garau. Zafin ruwan yana da amfani biyu, yana saurin narkar da dauɗar kuma yana ɗumama ƙarfen yadda zai busar da kansa. Bayan haka a bi da busasshen tsumma har sai ya fito ba danshi, sannan a shafa mai kaɗan ciki da waje, a kula da ramin wuta da kewayen kunama inda toka ke ɓuya, a kuma yi hattara kada ruwa ya kwanta tsakanin ƙarfe da itace. Washegari a sake zura farin tsumma a duba, haka ma bayan kwana biyu ko uku, domin ƙarfen da ya riga ya yi ramuka yakan ci gaba da fito da gishiri. Sojan Birtaniya ma da tafasasshen ruwa da mazurari yake wanke Lee-Enfield, duk da cewa albarushinta marar hayaƙi ne, saboda 'yar hular da ke kunna harsashin wancan zamanin tana barin nata gishirin a bututu.

Irin man da za a shafa shi ma abin dubawa ne. Man keken ɗinki ya wadatar ga bindigar da za a ajiye, kuma ana samunsa a kowace kasuwa, sai dai a goge shi tas kafin a sake ɗuri, domin idan ya haɗu da tokar albarushi yakan zama baƙin danƙo. Man ja da man gyaɗa suna tsami idan sun daɗe, su yi kauri su danƙare sifirin, su kuma gayyato kiyashi. Baƙin man da aka juye daga injin mota shi ne mafi sharri, ga shi kuwa shi aka fi amfani da shi saboda kyauta ake samunsa a gareji, yana ɗauke da dauɗar inji, kuma idan ya ratsa ƙota yakan mai da itacen baƙi da laushi har sukurori su daina kamawa. Saboda wannan ne ya fi kyau a ajiye bindigar da aka shafa wa mai a kwance a kan marataya ko bakinta na kallon ƙasa, yadda man ba zai gangara cikin itace ba.

Yanayinmu yana kawo hari ta fuska biyu. A tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta lokacin marka, bangon ƙasa yana shan ruwa, kuma bindigar da ke jingine da shi tana iya yin jar tsatsa cikin 'yan kwanaki, musamman inda hannu mai gumi ya taɓa. Da hunturu kuwa iska na tsotse danshin itace har ƙota ta tsage a wuyanta, ƙura kuma ta haɗu da mai ta zama abin da ke cin ƙarfe a duk lokacin da aka ɗana kunama. Kuben fata, duk da kyansa, ba wurin ajiya ba ne, domin fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima kuma tana cin ƙarfen da ya daɗe manne da ita, saboda haka a bar shi don tafiya da ranar ado. Gara na jiran duk ƙotar da ta taɓa ƙasa. Sai kuma zanzaro, wanda ba a cika tunawa da shi ba, yakan gina ɗakinsa na laka a cikin bututu, kuma bututun da ya toshe idan aka harba shi fashewa yake yi. Wasu kan toshe bakin da tsumma don gudun haka, sai tsumman ya sha laima ya bar zoben tsatsa daidai inda ya zauna. Abin da ya fi shi ne a riƙa dubawa a kai a kai, a kuma zura sanda kafin kowane ɗuri.

Wannan duk maganin sakaci ne. Ɓarnar da ta fi ci mini rai ita ce ta mai kishi, wanda ya ga bindigar kakansa ta yi duhu, sai ya sayo sanfefa ya goge ta har ta yi fari fat, ko ya kai wa mai walda ya bi ta da injin gurza, sannan ya fesa mata fenti ya shafe ƙotar da banish. Duhun nan mai santsi da ƙarfe ke yi da tsufa ba cuta ba ne, yana ma kare abin da ke ƙarƙashinsa, jar tsatsa mai gari-gari ita ce abokiyar gaba, kuma ana raba ta da ƙarfe ta hanyar jiƙa ta da mai na kwanaki a goge da tsumma mai kaushi, ko a kankare a hankali da gefen tagulla, wadda ta fi ƙarfen laushi. Tamburan da na ambata ba su da zurfi, minti biyu na sanfefa ya isa ya share shekarar ƙira da sunan gari har abada. Yin haka daidai yake da wanke tsohon allon da kaka ya rubuta da hannunsa don a ga farin itace. Haka kuma ba a cire layu da fatar da aka ɗinka, ba a maye tsohon sukuru da na shago, kuma idan sukuru ya ƙi kwancewa a bar shi, tunda ba abin da ke ciki da ya fi kansa da za a lalata daraja.

Sai batun harbi, wanda shi ne masu gado suka fi son ji. Na taɓa tambayar wani dattijon maƙeri da Baffa ke kai wa gyara, na ce, "Baba, wannan da tambarin gwajin Turawa a jikinta, ai ba abin tsoro a harba ta?" Ya ce, "Yaro, Baturen da ya gwada ta ya gwada ta ne tana budurwa. Damina nawa ta yi tun daga ranar?" Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan ta fuskar ilimi, sai bayani. Gidan gwaji yakan ɗura wa bututu fiye da kima ya harba, idan ya jure a buga masa tambari, amma tambarin ba ya magana a kan ramukan da tsatsar shekara 150 ta haƙa. Wasu tsofaffin bututun ma an yi su ne da ɗamarar ƙarfe da aka naɗe aka haɗe da wuta da guduma, kuma tsatsa kan bi layin haɗin ta ciki inda ido ba ya gani. Na baya-bayan nan da ake yi da fayif ɗin ruwa kuwa ba su taɓa ganin gwaji ba, kuma yatsun da suka guntule a ƙauyukanmu sun ishi mai hankali. Ra'ayina shi ne duk bindigar da ta haura shekara ɗari ta cancanci hutu, idan kuwa dole sai an ji ƙararta, to sai wanda ya san aikin ya duba cikinta da wajenta tukuna.

Kuskuren da ya fi kisa shi ne cakuɗa albarushin zamani da tsohuwar bindiga. Tun da Bafaranshen nan Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a 1884 aka shiga wani zamani dabam, domin ƙarfin matsin da yake haifarwa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, kuma an ƙera bindigogin da suka biyo baya da ƙarfen da zai jure shi. Maharbin da ya farke harsashin bindigar harbin tsuntsu ya juye garinsa a baushe, don ya ji an ce ya fi ƙarfi, ya kunna wa fuskarsa bam ne. Akwai kuma ƙa'idojin da tsofaffin maharba suka sani ba tare da littafi ba: ba a zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho ko gora zuwa bututun da aka harba yanzu, domin garwashi kan saura a ciki, sai dai a auna a ɗan mudu, ba a ɗora fuska ko tafin hannu a kan baki lokacin ɗuri, idan aka ja kunama ba ta tashi ba, a ci gaba da riƙe ta tana kallon inda babu kowa na aƙalla minti ɗaya, saboda albarushin da ya sha laima yakan yi jinkiri sannan ya tashi. 'Yan bindigar sarki da ke gaban ayari ranar hawan salla ba sa saka harsashi, amma tsumman ɗuri da wutar da ke fita sun isa su makantar da wanda ke kusa, kuma zan so in ga ranar da za su riƙa toshe kunnuwansu, domin da wuya ka sami tsohon ɗan bindiga da ba sai an ɗaga masa murya ba. Farauta kuwa ta riga ta ƙuntata, tun da dajin ya zama gonaki, kuma Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, ba wurin maharbi ba ce.

Tsofaffin harsasai ba su da amfanin da ya kai haɗarinsu. Akan same su a cikin gwangwani ko tsohuwar adaka, sun yi kore-kore, wasu wuyansu ya tsage. Wannan tsagewar tana da labari, domin sojan Birtaniya a Indiya ne suka fara lura da ita a harsasan da aka ajiye a bargar dawaki lokacin damina, kuma sai a 1921 aka tabbatar cewa tururin fitsarin doki ne ke tsaga tagullar da aka matsa wajen ƙira. Gidajenmu da barga da turken awaki ke kusa da ɗakin ajiya sun san abin da wannan ke nufi. Gindin kwanso yana ɗauke da rubutun masana'anta da shekara, misali K na kamfanin Kynoch, ko VII na samfurin harsashin .303, irin na Lee-Enfield, da aka fito da shi a 1910, kuma wanda ke son tarihi hoton wannan rubutun ya ishe shi. Harsashin da ke da rai ba a harba shi don gwaji, ba a jefa shi a wuta ko masai, ba a sayar wa 'yan gwangwan, hukuma ake miƙa wa.

Nan ne dole a yi maganar doka, saboda samarinmu suna kallon bidiyon masu tara bindigogi na Amurka a YouTube, inda mutum ke da ɗaki cike da su, sai su ɗauka abin sha'awa ne da kowa zai iya. A can dokar tarayya ba ta ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin makami irin na yau. Tamu Dokar Makamai ta 1959 ba ta yi wa tsufa irin wannan rangwame ba. Ta kasa bindigogi gida uku. Na ɗuri ta baki, wato su baushe da masu ƙanƙara da masu hula, suna ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Na harbin tsuntsu da na farauta suna buƙatar lasisin Sufeto Janar. Kashi na uku shi ne haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu akwai bindigar soja mai cin .303 da duk wata ƙaramar bindiga ta hannu, har da mai ƙanƙara. Ke nan tsohuwar libarba ƙirar Webley, irin wadda hafsoshin Birtaniya suka rataya tun 1887, wadda ake karya ta a tsakiya ta tofar da kwansonta shida a lokaci ɗaya, komai kyanta da tarihinta, idan aka same ta a akwatin marigayi tsohon soja tana iya jawo wa magaji ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Lasisi kuma na mutum ne, ba ya shiga rabon gado, magaji sai ya nemi nasa. A halin da ƙasa ke ciki na rashin tsaro ban ga laifin wannan tsanani ba, kuma duk wanda ya tsinci irin waɗannan a kayan mamaci, hanyar da ta fi masa ita ce ya sanar da mai unguwa ko hakimi su raka shi wurin 'yan sanda, ya kuma roƙi a rubuta cewa kayan tarihi ne.

Abin da nake tsoro shi ne tsakanin tsoron hukuma da kwaɗayin dillalai mu wayi gari babu ko ɗaya. Wasu sun jefa nasu a rijiya, wasu sun sayar a kilo. A 2003 wani kamfanin Amurka ya saye tsofaffin bindigogi fiye da 50,000 daga wata tsohuwar fada a Kathmandu ta ƙasar Nepal, ya kwashe su zuwa ƙetare, yau suna warwatse a ɗakunan masu sha'awa a faɗin duniya. Dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi da ba a fitar da shi waje sai da izini, amma doka ba ta kare abin da ba wanda ya san da zamansa. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi na ƙasa da aka kafa a 1985, kuma ina ganin yankin da aka yi yaƙin Burmi ya cancanci ɗaki na musamman, ƙarƙashin kulawar masarauta da hukuma, inda iyalai za su kai bindigogin da doka ba ta bar su su riƙe ba, a kashe musu kunama yadda ba za su sake tashi ba, a rubuta sunan gidan da suka fito a jikin kowacce.

Kafin a kai ga haka akwai aikin da kowane gida zai iya yi da wayar hannu da littafin rubutu. A ɗauki hoton bindigar gaba ɗaya ta gefe biyu, sannan hoton kowane tambari da rubutu a hasken safe, lokacin da inuwa ke fito da zanen da ya dushe. A auna tsawonta da tsawon bututun da faɗin bakin. A zauna da mafi tsufa a gidan, mace ko namiji, domin sau da yawa goggonni sun fi riƙe irin wannan labarin, a naɗi muryarsu suna faɗin wanda ya fara mallakarta, inda ya samo ta, maƙerin da ya sake mata ƙota, dabbar da aka kashe da ita da kirarin da ake yi mata, a kuma bambanta a rubuce tsakanin abin da mai magana ya gani da idonsa da abin da ya ji a bakin na gaba. Lambar da za ta haɗa bindigar da shafinta a rubuta ta a 'yar takarda mai kauri a ɗaura da zare a jikin ƙarfen da ke kare kunama, kada a zana ta da fenti ko a sassaƙa ta a ƙota, sannan a yi wa littafin kwafi biyu a ajiye ɗaya a wani gidan na dangi.